Cigiyar Dangina a Fagge, da Abin da Na Tarar a Akwatin Gwaggo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridar nan tamu. Na san wasiƙar ta yi tsawo, sai ka yi haƙuri da tsoho. Cigiya nake yi, cigiyar da ta haura shekara tamanin kuwa ba ta shiga layi uku.

Ni tsohon mushen lakwal ne a nan Damagaram. Shekara talatin da huɗu ina shan ƙurar alli, kuma cikin abin da na koyar har da tarihi. Ko daga barci aka tashe ni zan jero maka shi. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a garin nan, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 aka gwabza a Tirmini, Nasara suka yi rinjaye suka shigo Birni. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa, wai yana ƙulla musu tawaye, suka kai shi Kodibuwa. A 1911 Zinder ta zama babban birnin ƙasar, a 1926 Gwamna Brévié ya ɗauke kujerar ya kai Yamai. Sai ƴancin kai, 3 ga Agusta 1960. Yara suka haddace, suka ci jarrabawa, wasunsu yau manyan mutane ne. Amma duk tsawon shekarun nan ban taɓa tambayar kaina ina kakana yake a waɗannan ranaku ba, balle me yake ci, ko wa yake jin tsoro.

Abin da muka taso muka ji a gida ɗan kaɗan ne, mai daɗin ji kuma. Asalinmu wani ƙauye ne kusa da Dogo, a kan hanyar Magariya. Aka ce kakanmu, wanda kowa ke kira Malam, ya tafi Kano neman ilimi, ya shekara bakwai ya dawo da gafakar littattafai. Aka ce ƙanensa, Baba Soja, ya je yaƙin Nasara ya komo da lambar yabo. Gida ɗaya, ga malami ga jarumi. Ko wurin neman aure da wannan muke tinƙaho.

Ruwan sama ne ya tona mana asiri. Damunar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni a farkon watan Satumba, ita ta tsaga bangon ɗakin gwaggona, yayar mahaifina, tsohuwa mai shekara casa'in da ƴan kai. Muna cikin kwashe mata kaya zuwa gidana sai yara suka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Tsatsa ta riga ta cinye makullin, da guduma muka buɗe. A sama akwai zannuwan saƙi biyu da suka koɗe da wata tasa. A can ƙasa kuwa ga wani ƙunshi cikin jar fata, irin wadda majeman garin nan ke jima, an ɗaure shi da tsumma. Gara ta shiga ta gefe ɗaya ta yi aikinta, har da na ɗaga shi gari ya zubo mini a cinya. Abu huɗu na tarar a ciki: ƴan guntayen takardun lanho, wato haraji, guda goma sha ɗaya, wani ɗan littafin soja mai bango ruwan ƙasa, lambar tagulla da ta yi tsanwa, sai wata laya da aka farke ɗinkinta ta gefe. Da na zaro abin da ke cikin layar sai na ga ba addu'a ba ce. Wasiƙa ce da ajami.

Gwaggo tana zaune bisa tabarma tana kallona. Na ce, "Gwaggo, wannan fa?" Ta ce, "Mayar ka rufe, Mushe. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta." Kwana huɗu ina zuwa mata da goro. Haƙora sun ƙare, sai an goga mata a magogi take iya ci, ni kuwa na karɓi aikin gogawa daga hannun jikoki don in samu wurin zama. Rana ta biyar, ban ma tambaye ta ba, ta kaɗe garin goro daga tafin hannunta ta ce, "Ubana ba karatu ya kai shi Kano ba. Gudu ya yi."

Ga yadda ta ba ni shi. Shekarar da Nasara suka fara yaƙi da Jamus, wato 1939, an gama yankan hatsi ke nan, saƙo ya zo ana son samari. Yadda abin yake a zamanin, kumandan ba ya sanin kowa, adadi kawai yake faɗa. Sarkin kanto ya raba adadin a kan ƙauyuka, mai gari kuma ya duba gidan da ba su da mai tsaya musu. Haka ake yi in ana son masu aikin hanya, haka in ana son masu dako, haka in ana son soja. A wannan karo aka ba da sunan Malam, mutum mai mata da ƴaƴa biyu ƙanana, Gwaggo da mahaifina. Labari ya iso masa da magariba. Bayan lisha ya ɗauki buzu da gora da sanda, ya ce wa kakata zai duba rumbu, ya yanki daji ya yi kudu. Kwana biyu ya tsallaka ƙasar Ingilishi ta wajen Ɓaɓura.

Da hantsi gardin kumandan ya iso bisa doki, da jar hularsa da bulala. Da aka ce ba a ga mutum ba, bai yi dogon magana ba. Ya sa aka kamo tsohon, mahaifin su Malam, aka ɗaure shi a jikin wani gawo da ke bakin gari, fuskarsa na kallon rana, ya ce nan zai zauna har ɗansa ya fito. Gwaggo ta ce tana ƴar shekara bakwai, an ba ta ruwa a ƙoƙo ta kai wa kakanta, don ana ganin ba za a taɓa yarinya ba. Ba a taɓa ta ba kuwa. Ƙoƙon ne gardin ya shure da ƙafa. Ta ce har ran da take ba ni labari tana ganin yadda ƙasa ta shanye ruwan nan kafin ta sunkuya. Wajen la'asar tsohon ya fara sanƙamewa, sai ƙanen Malam ya fito daga cikin mutane, saurayin da aka riga aka sa masa ranar aure, ya ce, "Ku kwance shi. Ga ni."

Wannan shi ne Baba Soja.

Da na koma gida na ɗauko littafin sojan nan na sa tabarau. Na iya Faransanci daidai gwargwado, da shi na ci abinci, amma sai da na maimaita shafin farko sau uku. Sunan da ke kai ba na Baba Soja ba ne. Sunan Malam ne. Magatakarda yana da jerin sunaye a gabansa, an kawo masa mutum mai hannu biyu da ƙafa biyu, likitan soja ya duba haƙori ya ƙwanƙwasa ƙirji, adadi ya cika, ina ruwansa da wane ne wane? Ƙasa da sunan an rubuta "né vers 1915", wato an haife shi wajajen 1915, shekarar da ba ta ɗayansu ba ce. Sana'a: manomi. Sai lamba, sai dangwalen babban yatsa da tawada ruwan shuni, wanda shi kaɗai ne nasa na gaskiya a duk shafin. Shafukan ciki suna da hatimai: Zinder, Kwatano, Marsai, Fréjus. Daga nan sai layi ɗaya da ke cewa an kama shi fursuna a watan Yuni 1940, sai wani da ke cewa an sake shi a 1944, sauran gara ta ci.

Wani jikana da ya iya intanet ya rubuta wa ma'ajiyar takardun sojan Faransa da ke garin Pau, inda ake ajiye bayanan tsofaffin sojojin Afirka, ya aika da hoton shafin. Bayan ƴan watanni amsa ta zo, takarda ɗaya, da sunan nan dai. Ke nan a littafin Faransa har gobe kakana ne ya je yaƙi, ya sha ɗauri a hannun Jamus, ya samu lamba. Wanda ya je ɗin kuwa babu shi ko a gefen shafi. In da a ce bayan shekara hamsin wani jikanmu ya tashi binciken asali, Gwaggo ba ta nan, sai ya samo takardar nan ya rantse da Alƙur'ani a kanta, kuma ba wanda zai iya ƙaryata shi.

Baba Soja ya dawo a 1945. Jamusawa ba su kai fursunonin Afirka ƙasarsu ba, a sansanoni cikin Faransa suka tsare yawancinsu suna sa su aiki, shi sarar itace da haƙar dankali aka sa shi. Gwaggo ta ce har ya mutu bai ƙara sa dankalin Turawa a baki ba, ko ƙanshinsa ba ya so. Ta ce ko da bazara, lokacin da kowa ke neman inuwa, shi a rana yake shimfiɗa buzu, wai sanyin can bai gama fita daga ƙashinsa ba. Yarinyar da aka sa musu rana ta yi aure tuni, har da goyo. Bai yi aure ba. Tari ya kama shi, ya rasu ƴan shekaru kafin a haife ni.

Malam kuwa ya komo a 1946, shekarar da dokar nan ta Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas a watan Afrilu, aka kuma soke dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure talaka ba tare da shari'a ba. Fatake ne suka kai masa labari cewa gari ya yi sanyi. Ya tarar tsohonsu ya rasu. Ya tarar da ƙanensa. Gwaggo ta ce ba ta taɓa jin sun yi faɗa ba, ko sau ɗaya. Suna gaisawa da safe, suna tsayawa sahu ɗaya a masallaci. Amma ba su sake sa hannu a akushi ɗaya ba, kowa da nasa ake zuba masa, kuma duk gidan ba mai tambayar dalili.

Na san Malam da idona. Ya rasu a 1974, cikin farin nan, ina ɗan shekara goma sha biyar. Mutum ne mai shiru, mai yawan tasbihi. Kano ba ya ambatonta sai in mun matsa, ya ba mu labarin jirgin ƙasa da dalar gyaɗa, shi ke nan. Abin da na tuna, wanda sai yanzu na gane shi, in yana lissafin kuɗi bakinsa kan suɓuce ya ce sule da kwabo a maimakon dala da tamma, sai ya yi tsaki ya gyara.

Ba na zarginsa, Edita, kuma ba don kakana ne ba. Ba shi kaɗai ya tsallaka ba. Iyakar nan da Kyaftin Tilho da Turawan Ingila suka bi suna kafa wa alama tsakanin 1906 da 1908 ta ratsa ne ta tsakiyar mutanen da ke cin kasuwa ɗaya suna auren juna. Wanda aka matsa a Magariya ko Kance yana da kawu a Daura ko Kazaure, tafiyar dare ce. Ba kuma ina cewa can aljanna ba ce, su ma sun ga haraji, kuma a cikin yaƙin nan an kwashi mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos. Sai dai wanda wuta ta kama wa riga ba ya tsayawa auna zurfin kogi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mu, ƴaƴa da jikoki, da muka ɗauki labarin muka wanke shi da sabulu, muka yi tinƙaho da lambar mutumin da ko sunansa ba mu sa wa yaro ɗaya ba a gidan.

Bayan ƙaramar salla na hau mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, na kwana shida ina zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Ma'aikatan sun karɓe ni hannu bibbiyu. Na ga rahotannin rangadi da kumandoji suka rubuta, wasu da hannu wasu da keken rubutu. In kana son ka san gari kaza yana da masu biyan lanho nawa, da shanu nawa, da jakuna nawa, da rijiya nawa, yana nan. In kana son jin wane sarkin kanto ne suke yabo, wanne suke kira malalaci, yana nan. Kukan da suke yi kan mutane na gudu zuwa Najeriya kuwa, sai ka gaji da karanta shi. Amma sunan talaka ba ya fitowa sai ya yi laifi. Nasara abin da zai karɓa yake ƙirgawa. An kuma shaida mini cewa manyan takardu da yawa suna Dakar, don can ne mazaunin babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa, wasu kuma suna Aix-en-Provence. Mai fanshon mushe ina shi ina Dakar.

Ko lissafin nasu ma a riƙa sa masa gishiri. Takardun lanhon da ke akwatin sun nuna gidanmu mutum huɗu ne, shekara da shekaru, ba ƙari ba ragi, kamar ba a haihuwa ba a girma. Na karanta wa Gwaggo, ta yi dariya har da tari. Ta ce ai duk ran da aka ji masu ƙidaya sun doso, ita da wata ƴar baffanta a rumbu ake jefa su a rufe, su yini cikin zangarniya, ƙaiƙayi na cin su, ba halin atishawa. Lanho da kai ake biyansa, kuma da kuɗin Nasara, ba da wuri ko dame ba, saboda haka kowane kai da aka rubuta wani buhun gyaɗa ne ko wata akuya. Gwaggo ba ta shiga takardar hukuma ba sai da ta yi jika. Iyayenmu sun koyi cewa takarda abar tsoro ce, kuma ba su yi kuskure ba. Mahaifina ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya jefa ƙuri'ar a'a ga ci gaba da zama tare da Faransa a watan Satumba 1958, amma katinsa mai hoton raƙumi da duk wata wasiƙa da ke gidan wuta ya sa musu da hannunsa a 1964, lokacin da ake kame. Wanda zai nemi tarihin gidansu a ƙasar nan ya san da haka tun kafin ya fara: rabi an ƙone don tsoro, rabi gara ta ci.

Maganar gara ta tuna mini wani abin takaici. A nan jiharmu na shiga wani ofishi, ba zan faɗi wanne ba, aka ce akwai tsofaffin rajistoci a wani ɗaki na baya. Da mai gadi ya buɗe, sai ga su jibge a ƙasa tare da karyayyun kujeru da tayoyin mota, rufin yana yoyo, ɓera ya yi sheƙa a ciki. Na ɗaga guda ɗaya, rubutun alƙalami ne mai kyau na shekarun 1930, shafukan sun manne kamar waina. Na ce wa shugaban wurin ko a ba ɗaliban tarihi na jami'armu dama su zo su ɗauki hotonsu da waya, tun da ba kuɗi za a kashe ba. Ya ce in rubuto takarda. Na rubuta, na kai da ƙafata. Wata bakwai ke nan.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wurin da na samu gaskiya. Marigayi André Salifou, ɗan garin nan, wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa, ya yi mana aikin da ba za mu iya biyansa ba kan sarautar Damagaram, ya zauna da dattawan fada ya ji daga bakinsu. Amma tarihin fada daban, na cikin gida daban, kuma na cikin gida a hannun mata yake. Maza in ka tambaye su sai su ba ka salsala, wane ya haifi wane, su tsallake duk inda ke da ƙaya. Tsohuwa ita ta san wa aka saka, wa ya gudu, wa aka sayo, wa ya sha nonon wa. Ba ta san 1950 ba, amma za ta ce maka ta yi haihuwar fari shekarar da Sarki Barma Mustafa ya rasu, kai kuma mai boko sai ka sa lamba. Haka na gane shekarun Malam, don ta ce uwarsa na goye da shi aka yi yunwar Kakalaba, wato 1913 zuwa 1914. Baba Soja kuma an haife shi bayan yaƙin Kawusan na Agadas, wanda aka yi a 1916 da 1917. Shekara talatin da huɗu ina rubuta wa yara shekaru a allo, ashe littafin yana gidanmu yana tauna goro. Na ɗauki muryarta a waya sau goma sha tara kafin Allah ya karɓi abinsa bayan babbar salla. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin da nake yi ba. Wani yayana, ɗan baffana, ya tako har gida ya ce, "Kai yanzu me za ka samu? Mutum ya mutu da mutuncinsa, ana kiransa Malam, kai za ka mai da shi matsoraci a bakin duniya." Na ce masa karatun da Malam ya yi a Kano gaskiya ne, mu duka a gabansa muka yi Fatiha, ban rage masa ko wasali ba. Amma akwai wanda ya ba da ƙuruciyarsa don a kwance tsoho daga jikin gawo, shi wa zai faɗi nasa? Bai amsa ba, bai kuma sake zuwa ba. Saboda shi da irinsa ne ban sa sunan kowa a wasiƙar nan ba. Sunayen suna cikin wata takarda daban da na haɗo maka, Edita, tare da lambar wayata.

Yanzu ga cigiyar. Wasiƙar ajamin nan na kai wa wani malami a Zango, mai ido da haƙuri, muka yi yini biyu a kanta, don tawadar ta dusashe kuma lanƙwasar ta cinye wasu layuka. Malam ne ya rubuto ta daga Fagge, a shekara ta 1361 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1942. A lokacin Nasaran da ke mulkinmu suna biyayya ga gwamnatin Vichy, wato ta Faransa mai ɗasawa da Jamus, ba sa ga maciji da Ingilishi, an tsananta tsaro a iyaka, wanda aka kama da takarda daga can ya shiga uku. Shi ya sa aka ɗinke ta kamar laya, wani falke ya rataya a wuya ya shigo da ita. A ciki yana gaida mahaifinsa, bai san ya rasu ba. Yana neman gafara. Yana tambaya ko an ji labarin ƙanensa, ya maimaita tambayar har sau biyu. Ya ce da safe yana dako a wurin awon gyaɗa, da dare yana ɗaukar karatu, yana kuma biya wa yara allo a zauren mai masaukinsa. Sai can wajen ƙarshe, cikin ƙananan baƙaƙe kamar mai jin nauyi, ya ce mai masaukin nasa, wani maɗinki, ya ba shi ƴarsa, kuma Allah ya ba su ɗa namiji, ya sa masa sunan tsohon. Ya ƙara da cewa yaron ya zo da cindo a hannun hagu, irin nasa.

Cindon nan gadon gidanmu ne. Malam yana da shi, ni ma an cire mini ina jariri, ga tabon nan, jikata ta biyu ma ta zo da shi.

Da Malam zai dawo a 1946 shi kaɗai ya dawo. Gwaggo ta ce kakata ta san da maganar, ita ce ma ta farke layar ta kai aka karanta mata, ta ɓoye ta har ta mutu, sannan ta bar wa Gwaggo. Ko sakin matar ya yi, ko iyayenta ne suka hana ta biyo shi ƙasar Faransa, wato nan Nijar, wannan ya tafi da shi kabari. Yaron yana da shekara huɗu a lokacin. In yana raye yau ya haura tamanin, kuma baffana ne, ƙanen mahaifina uba ɗaya. In ya riga mu gidan gaskiya, to da wuya a ce bai bar baya ba.

Don haka ina roƙon masu karatu na Kano, musamman mutanen Fagge da waɗanda suka tashi daga can suka koma wasu unguwanni. Duk wanda ya taɓa ji a gidansu cewa kakansu wani almajiri ne Badamagare da ya zo lokacin yaƙin Hitila, ya auri ƴar maɗinki, ya koma ƙasar Faransa bayan yaƙi bai sake waiwayowa ba, kuma ana haihuwar masu cindo a gidan, don Allah ya tuntuɓi Edita. Kada ku tsaya tambayar maza kawai, ku shiga ɗakin tsofaffin mata da goro. Ba gado nake nema ba, ba kuma abin da za a raba, gonar ma tuni hanya ta cinye rabinta. Ina da hoton Malam guda ɗaya, na katin ɗan ƙasa, da muryar yayar ubansu a waya, da wasiƙar da aka ambaci haihuwar ubansu a ciki. Ina so in kai musu da kaina tun ƙafata tana iya hawa mota, Kano ba ta fi tafiyar yini ɗaya daga nan ba.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon mushen lakwal,
Unguwar Birni, Damagaram.